Muryar Ɗangana

Ni ce Bara'atu, wadda mutanen Yelwa suke cewa faɗa ya yi mata yawa. Ban musa ba. Amma wanda bai taɓa riƙe haɓar mutumin da numfashinsa ke shirin ɗaukewa ba, alhali a bayan taga ana jibgar yayansa kamar ana sussukar gero, don Allah kada ya zo ya koya mini haƙuri.

A lokacin Jihar Kebbi tana ƙuruciyarta, ni kuma ina aikin jinya a wani asibiti a Yelwa, a ɗakin tiyata. Likitanmu, Dokta Abdulƙadir, bai daɗe da dawowa daga ƙaro ilimi a ƙasar waje ba, ya zo da wata 'yar baƙar jaka da malamansa suka ba shi, yana lallaɓa ta kamar jinjiri. A cikinta akwai wani abu lanƙwasasshe kamar mariƙin ludayi, a bakinsa an dasa kyamara da fitila, kowacce ba ta fi ƙwayar dawa ba, sai waya ta haɗa shi da wani ɗan allo. Idan za a yi wa mutum aiki aka sa shi barci, dole a zura masa roba ta baki har cikin hanyar iska don a riƙa hura masa numfashi. Da can sai likita ya duƙa ya leƙa da idonsa, in ya gani to, in bai gani ba ya yi ta lalube. Da wannan abin kuwa, duk abin da ke cikin wuyan mutum sai ya fito tar a allo, kowa yana kallo. Muka raɗa masa suna talabijin ɗin maƙogwaro.

Yayana Ɗangana, uwa ɗaya uba ɗaya, masunci ne a Tungar Dudu, can wajen Ngaski. Gadon gidanmu shi ne cire ƙaya. Idan ƙayar kifi ta maƙale wa wani a wuya, wurin Babanmu ake kawo shi, da ya rasu kuma abin ya koma hannun Ɗangana. Zai jiƙa hannunsa da ruwan gulbi, ya shafi wuyan mutum, ya karanta wasu kalmomi da ƙarfi, ya ce haɗiye. Kada ku tambaye ni yadda abin yake, ni makarantar jinya na yi. Abin da na sani kawai, na ga mutane sun zo suna hawaye sun koma suna dariya. Sai dai gadon yana da wutsiya, domin a bakin ruwa kowa ya yarda cewa wanda ya iya cirewa ya iya aikawa.

Ga shi kuma Allah ya ba shi murya. Ɗangana zai tsaya a tsakiyar tafki ya kira mutum a tudu, mutumin ya amsa. Inna takan ce tun yana goye ba ta taɓa nemansa ba, kunnenta ke gaya mata inda yake. Bakin nan nasa kuma shi ya jawo masa. Kwanakin baya wani maƙwabcinsa, Ya'u, ya ja raga ta kan mamarin da Ɗangana ya kafa, wato doguwar igiyar kamun kifi, ya tsittsinke masa ƙugiyoyi, ya kuma kwashe kifin da ke jiki. Da suka haɗu a bakin ruwa, a gaban jama'a, Ɗangana ya ce masa, "Ci, Ya'u. Allah shi sa shi tsaya maka a wuya." Magana ce ta ɓacin rai, irin wadda ni ma nakan yi sau nawa kafin rana ta faɗi. Amma daga bakinsa ta fito, kuma duk tungar ta ji.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ya biyo ta gidana, ya kawo busasshen kifi kasuwa. Ya dire mini ƙullin tarwaɗa a bakin murhu, yana tsokanata yadda ya saba.

"Ke da likitanki da talabijin ɗinku, so kuke ku kashe mani sana'a, ko?"

Na ce, "Yaya, sana'ar da ba a biyanka ko sisi? Tafi ka ba ni wuri, na makara."

Ya leƙa tukunyar shinkafar da na sauke, ya yi dariya, har ya kai ƙofa ya juyo. "Ki aje mani ƙanzo, in na taso kasuwa ina biyowa."

Bayan azahar ina wanke kayan aiki na ji hayaniya a bakin ƙofar asibiti, irin wadda ba ta 'yan rakiya ba ce. Na leƙa. Maza ne cike da harabar, jiƙe sharkaf, wasu da gora wasu da filafilin tuƙa jirgi. Na gaba sun ɗauko mutum a cikin tabarma. Tun kafin in ga fuskarsa na ji numfashinsa, wani irin ƙugi mai tsini kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Ya'u ne. Idanunsa sun firfito, leɓunansa sun yi baƙi, kumfa da jini na dalala ta gefen bakinsa.

A bayansu kuma ana jan wani a ƙasa da igiyar ɗaure jirgi. Fuskar ta kumbura ta rine, ban gane ta ba. Rigar na gane, ita ce wadda ta tsaya a ƙofar ɗakina da hantsi.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Sun riga sun jingina shi da dogonyaron da ke tsakiyar harabar suna naɗe shi da igiya. Na cakumi na kusa da ni, na yakushe shi, wani ya hankaɗa ni na faɗi da gwiwa. Da na ɗago sai ga Tanko a kaina, wan Ya'u, ƙato mai guntulallen haƙorin gaba. Hannu ɗaya filafili, ɗayan wuƙar gyaran kifi.

Ya ce, "Madalla da kina nan. Yayanki ya aiko ma ƙanena kifi rayayye cikin wuya. Mun iske shi bakin ruwa shina loda kaya kamar ba shi ba. Ko shi kira abinai shi fito, ko in Ya'u ya cika in yanka shi gindin iccen ga kamar rago. Wallahi ba a hana ni."

Na rarrafa na kama gwiwoyin Ɗangana. "Yaya, yi magana! Ce masu ba kai ba ne! Ko ka karanta abin Baba, ko mi ne ne dai, ka faɗi wani abu su ji!"

Ya dube ni da idon da bai rufe ba. Leɓunansa suka motsa, ba abin da ya fito sai jini. Wani ya ce, "Kun gani? Tun bakin ruwa haka yake, ko uffan. Taurin kai!" Ya zabga masa gora a haƙarƙari. Ni ma haushinsa ya kama ni, don na san halin gidanmu, Baba ma in ya kafe ko da wuta ba ya motsi. Mutumin da ba ya rufe baki, yau da ransa ke kan bakinsa ya ga damar yin shiru.

Sai na ji muryar Dokta Abdulƙadir daga baranda. "Sista Bara'atu! In kina son wancan ya rayu, zo ki taya ni da wannan."

Gaskiya ya faɗa, kuma na tsane shi a kan gaskiyar. Na saki yayana na bi tabarmar.

Maigadi ya riga ya haye kabu-kabu, babur ɗin haya, ya tafi neman hukuma, saura ni da likita da Hansatu, abokiyar aikina. Wuta kuwa babu, ga madatsar ruwa a kusa da mu amma sai ta ga dama take zuwa. Allah ya taimaka likita ba ya wasa da cajin batirin abin nan nasa. Mun ɗora Ya'u a kan tebur ke nan, Hansatu na ɗaura masa iskar oksijin, aka banko ƙofa da ƙafa har sakata ta fita. Tanko ne.

Likita ya ce, "Fita."

Tanko ya ɗaga wuƙar. "Ba a taɓa ƙanena a bayan idona."

Likita bai ko ɗago kai ba. "To tsaya can jikin bango. In ka taɓa ni hannuna ya goce, kai ka kashe shi. Wane irin kifi ne?"

"Ƙurungu. Na ga wutsiya cikin baki, na kama na jawo, ta tsinke a hannuna."

Na ce, "Ka jawo? Ƙurungu? Kai, Tanko, a cikin jirgi aka haife ka ko a kan tudu?"

Wanda bai san ƙurungu ba, kifi ne mai ƙaya uku masu ƙarfi, ɗaya a baya, biyu a gefe. Idan ya ji tsoro sai ya miƙar da su ya kulle, ko ƙato bai isa ya lanƙwasa su ba. Ya shiga da kai, ƙayoyin a kwance. Duk jan da aka yi masa ta baya, ƙara nitsa su aka yi cikin naman wuyan Ya'u. Yaron goye a tunga ya san wannan, amma ruɗewa ta sa Tanko ya manta.

Likita ya yi wa Ya'u allurar da za ta gusar masa da hankali ba tare da ta tsayar da numfashinsa ba. Na tsaya a kansa na riƙe muƙamuƙinsa da hannu biyu. Hansatu na taka injin zuƙe jini da ƙafa. Likita ya zura lanƙwasasshen abin a hankali ta kan harshe.

Da fari allon ja kawai ya nuna. Aka zuƙe. Sai ga shi, gangar jikin kifi mai ɗigo-ɗigo ta cika allon, kuma wallahi yana motsi. Bai mutu ba. Ƙayoyin gefe biyu sun shige cikin nama har gindinsu. Can ƙasan cikinsa, ta wani ɗan saƙo, ana hango wata 'yar baƙar kafa tsakanin farare biyu kamar zare, tana buɗewa tana rufewa.

Likita ya ce, "Ga ƙofar iskar can. Waɗannan fararen su ne igiyoyin murya. Roba za ta bi ta tsakaninsu, daga nan mu ji da kifin a tsanake. Ba ni 'yar siririyar."

Ya tura robar. Tana taɓa cikin kifin ya yi wani wutsil-wutsil, ya zame, ya toshe kafar gaba ɗaya. Ƙugin nan ya ɗauke ɗif. Ƙirjin Ya'u na ja yana faɗawa, ba iskar da ke shiga. Ɗan abin da muka maƙala masa a yatsa, mai kuka daidai da bugun zuciya, muryarsa ta fara yin ƙasa.

Tanko ya yi tsalle ya isa taga, ya daki gilashin da gindin wuƙa ya tarwatse. "Shina jan abinai ciki! Ku ƙara mashi! Ku karya shi har shi yi magana!"

Na ji saukar gora. Tim. Tim. Na ji mazan na ihu, na ji igiya na ƙara a jikin icce. Abin da ban ji ba shi ne kukan Ɗangana.

Na ce, "Tanko, Allah ya isa tsakanina da kai! Matsoraci, ɗan banza, mai dukan ɗaurarre! In ka haifu ka kwance shi ka gani!"

Taku biyu ya yi ya iso. Marin ya same ni a kunne da kunci, na ga walƙiya, bakina ya cika da gishiri. Hansatu ta ƙwalla salati. Amma hannuna bai bar haɓar Ya'u ba, don na san ran yayana ne nake riƙe da shi ba na Ya'u ba. Na tofar da jinin a ƙasa na ce, "Ƙara. Ƙara mana, in sake shi ku yi gawa biyu."

Likita, da murya kamar mai sayen goro, ya ce, "Sista, ɗaga haɓar sama kaɗan. Yawwa. Riƙe nan."

Ya karkata bakin abin, ya ɗan ɗaga cikin kifin da shi. Kafar ta sake leƙowa, ƙarama ƙwarai. Dukkanmu muna kallon allo, har da Tanko, muka ga bakin robar ya matso, ya ja baya, ya sake matsowa, sannan ya sulale ta tsakanin fararen igiyoyin nan ya shige. Na fizgi jakar hura iska na haɗa, na matsa. Ƙirjin Ya'u ya taso. Na sake matsawa, ya sake tasowa. Kukan abin yatsa ya fara hawa, baƙin leɓunansa ya soma washewa.

Likita ya sauke numfashi. "Yanzu ba zai mutu don rashin iska ba. Malam Tanko, matso. Matso, ba cizo yake yi ba. Kai masunci ne, gaya mini mene ne wancan."

Ya nuna allon da haɓa. A gindin ƙayar baya, wani koren zare ya naɗe sau da yawa, da ɗan ƙulli a jikinsa, wutsiyarsa na lilo.

Tanko ya zura ido. Ya ƙara matsowa kusa da allon.

"Zaren raga ne," in ji shi. "Ragar Ya'u. Ni na yi mashi ƙullin ga da hannuna."

Likita ya karɓi dogon almakashi, yana kallon allo ya datse ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya zare kowacce da hantsaki. Sannan ya kamo gangar jikin ya jawo, ta fito sumul. Ya jefa a tasa. Kifin bai fi tsawon yatsa da rabi ba, kuma a bayan kansa ga sawun haƙora nan reras, sama da ƙasa, sun huda fata.

Ai ba sai an yi wa kowa bayani ba. Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san wannan ɗabi'ar. Idan ƙurungu ya sarƙe a raga, hannu biyu na warwarar zare, sai mutum ya danna kan kifin a baki ya riƙe da haƙora. Iyaye suna hanawa, su ma kuma suna yi. Daga baya Ya'u da bakinsa ya faɗa, jirgin inji ne ya wuce, igiyar ruwa ta girgiza kwalekwalensa, ya buɗe baki zai ja numfashi.

Na miƙa wa Hansatu jakar iska, na ɗauki tasar na kai ta har hancin Tanko. "Haƙoran wa ne nan? Na Ɗangana? Daga kasuwar Yelwa ya miƙo baki ya ciza? Kai kuma naka haƙorin, wane aljani ya guntule maka shi, in ba irin wannan haukan ba?"

Hannunsa ya tafi bakinsa da kansa, ya taɓa guntun haƙorin. Wuƙar ta faɗi a siminti. Ya juya ya fita da gudu yana kururuwa, "Ku bari! Ku bari, ku kwance shi! Ba shi ba ne!"

Na riga shi isa. A raina ina cewa shi ke nan, an gama, karaya ce da kumburi, za mu ɗaure, zai warke, zai zage ni in zage shi.

Ɗangana ya zube a kan igiyar, kansa a sunkuye. Na ɗago fuskarsa. Wuyansa ya kumbura ya yi daidai da muƙamuƙi. Na taɓa fatar, ta yi ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsuna kamar busasshen ganye, alamar iska na tserewa daga hanyarta tana shiga cikin nama. Numfashinsa ɗan siriri ne, da kyar ake ji. A kan maƙogwaronsa kuma, a gicciye, ga wani shaci guda miƙaƙƙe, faɗinsa daidai kaifin filafili. Sauran raunukan jajaye ne, sababbi. Wannan ya riga ya yi baƙi.

Na ce, "Wa ya yi wannan? Yaushe?"

 Wani dattijo a cikinsu, gorarsa har yanzu a hannu, ya ce, "Tanko ne. Tun bakin ruwa. Shi ne bugun farko, muna sauka jirgi, tun ba a tambaye shi komi ba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun daga bakin ruwa har gindin dogonyaro suna dukansa don ya yi magana.

Hannayen da suka dake shi su suka ɗauko shi. Muka mayar da Ya'u kan gadon turawa, Hansatu na hura masa iska, muka shimfiɗa Ɗangana a kan teburin da jinin Ya'u bai bushe ba. Na wanke abin nan na likita, sau biyu yana kuɓuce mini. Likita ya fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, ya ce ba zai sa shi barci ba, don in ya yi barci ɗan numfashin da ya rage zai tafi.

"Malam Ɗangana, buɗe baki. Leƙawa kawai zan yi."

Ya buɗe. Idonsa ɗaya yana kaina.

Na riga na ga yadda na Ya'u yake, farare biyu a miƙe, tsaf da su duk da kifin da ya kwanta a kansu. Na yayana kuwa ban gane komai ba da farko. Ba kafa, ba farare. Nama ne a dagargaje, wani farin guntu ya tsinke yana reto, gefen guringuntsi ya huda ya leƙo, kumfar jini na tasowa tana fashewa duk sanda ya yi ƙoƙarin jan iska. Nan ne muryar da ake ji daga tsakiyar tafki take zaune.

Likita ya zare abin a hankali. A karo na farko na ga gumi a goshinsa. "Roba ba za ta bi nan ba. Da ban gani ba na tura, da na ƙarasa tsinke hanyar. Ta ƙasa za mu shiga. Sista, wuƙa. Ina buƙatar mai riƙe ƙafafu."

Tanko na tsaye a bakin ƙofar da ya ɓalla. Ba wanda ya kira shi. Ya zo ya kwanta a kan ƙafafun Ɗangana da dukan nauyinsa.

Allurar kashe zafi ba ta gama kamawa ba numfashin ya tsaya, ba lokacin jira. Likita ya tsaga fatar wuyan a ƙasan shacin. Jini ya yi tsartuwa har fuskata. Ɗangana ya banƙare, dugadugansa na dukan tebur, hannunsa ya damƙi damtsena har na ji ƙashi na ƙara, bakinsa a wangame yana ihu, kuma ɗakin shiru kamar ba kowa. Na ga mutane da yawa suna ihu a ɗakin nan. Ban taɓa ganin abin da ya kai wannan muni ba.

Ina riƙe da fitila, ina buɗa raunin da ƙarfe, ina kiran sunansa. Likita ya laluba da yatsa cikin jinin, ya samu hanyar, ya huda. Sai muka ji fuuu, iska ta shiga ta ramin, ta fito da gudan jini ya fantsama a rigar likita. Ya cusa robar. Na matsa jaka. Ƙirjin yayana ya taso.

Da komai ya lafa, Tanko ya sauka daga kan ƙafafun. Ya tsaya yana kallon ɗan allon da aka riga aka kashe.

"Likita," ya ce, "abin da na gani cikin wuyanai... tun yaushe ba shi iya magana?"

Likita na ɗinki, bai dube shi ba. "Tun bugun da ya yi wannan shacin."

"Ko da shina so?"

"Ko da yana so."

Tanko ya ja da baya har ya ci karo da bango, ya sulale ƙasa. Ya fara buga ƙeyarsa da bangon, a hankali, sannan da ƙarfi, har farin fenti ya ɓaci. Ba wanda ya hana shi. Ni dai ban hana shi ba. A haka hukuma ta iso ta same shi.

Ya'u bai daɗe ba aka sallame shi. Muryarsa garau, har yau yana nan yana ciniki a bakin ruwa, in na ji ta daga nesa sai in sake hanya. Ɗangana kuwa an kai shi babban asibiti a Sakkwato, suka yi iyakar ƙoƙarinsu, suka gyara masa hanyar iska har aka rufe ramin wuyan. Suka ce murya kam sai dai haƙuri. Da dattawan tunga suka zo neman sulhu, ya ɗaga hannu ya yi alamar ya yafe. Shi ya yafe. Ni ba a tambaye ni ba, kuma gara da ba a tambaye ni ba.

Har yanzu akan kawo masa masu ƙaya a wuya, don mutane ba sa saurin mantuwa da ƙofar da suka saba. Na taɓa gani da idona, wata mata ta zo da 'yarta tana kakari. Ya jiƙa hannu da ruwan gulbi yadda Baba ke yi, ya shafi wuyan yarinyar, leɓunansa suka yi ta motsi. Sai ya tsaya. Ya share hannun a riga, ya nuna musu hanyar Yelwa, ya shige ɗaki.

Daren ranar da abin ya faru ban koma gida ba, sai washegari. Na tarar da tukunyar shinkafa a inda na bar ta, da ƙanzon da na kankare na rufe masa da faifai, ga ƙullin tarwaɗarsa a bakin murhu. Da Inna ta iso daga tunga, ta zauna a ƙasa ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ke kika gan shi da hantsi. Mi ya ce maki?" Na gaya mata. Ta sa na maimaita, na sake maimaitawa, da irin muryarsa in zan iya. Ban iya ba.

Ranar kasuwa yakan biyo ta gidana kamar da. Ba na jin zuwansa, sai dai in juya in gan shi tsaye a ƙofa. Nakan miƙa masa ƙanzon, ya zauna ya jiƙa shi da ruwa don ya wuce masa, ya ci, ya ɗaga mini babban yatsa yana murmushi. Ni kuma sai in ce masa bari in duba wanki a bayan ɗaki, alhali ba wankin da na shanya.